Labarin Henri Dunant, Uban Red Cross

Akwai wata gardama wadda ba ta tsufa, duk inda almajirai suka zauna hira ta kan ɗago kai. Waɗansu su ce duniyan nan babu mai taimakon wani don Allah. Ko wane mai alheri da abin da ya hango: in ba kuɗi ba, suna, in ba suna ba, ramuwa wata rana, in duk babu, to, ko sanyin da zuciyarsa za ta ji. Su kan ce banza ba ta kai zomo kasuwa, don tuwon gobe kuma a ke wanke tukunya. Waɗansu kuwa su ce wannan mugun zato ne ga 'yan Adam, akwai tausayi tsantsa wanda ba ya jiran sakayya. Irin wannan magana ba ta yankuwa da fatar baki, don haka muka ga gara mu ɗauko mutum guda mu baje rayuwarsa a faifai, 'yan'uwa su duba. Mun zaɓi Henri Dunant, mutumin ƙasar Suwizalan, domin ko wane ɓangare zai sami abin kamawa a jikinsa.

An haife shi ran 8 ga watan Mayu 1828 a birnin Jeneba. Gidansu gidan wadata ne da riƙon addinin Kirista. Ubansa ɗan kasuwa ne, yana kuma cikin masu lura da marayun birnin, uwarsa kuwa ta kan zaga gidajen matalauta da marasa lafiya. Yaron bai yi wani abin a zo a gani a makaranta ba, har ya bar ta bai ƙare ba, aka sa shi koyon aikin banki cikin 1849. Amma tun yana saurayi ya kan ɓad da ranakun hutunsa wajen ziyarar fursunoni da gajiyayyu, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samarin Kirista ta Jeneba cikin 1852. Mutum ne mai daɗin baki, mai zafin nama, wanda in abu ya shiga ransa ba ya barin kowa ya huta. Yana kuma son a san shi, yana son zama kusa da manya. Da halayen nan duka ya taso, da su kuma ya tsufa.

Cikin 1853 wani kamfani na Jeneba ya aike shi Aljeriya, inda Faransawa suka ba kamfanin fili mai yawa kusa da garin Setif. Kada mu manta, filin nan da masu shi, ƙarfin bindiga ne ya raba su da shi. Dunant ya ga akwai samu, sai ya tsai da nasa kamfani cikin 1858, na noman alkama da niƙanta, a wani wuri da a ke kira Mons-Jemila. Ya tara kuɗin dangi da na abokai, ya gina injin niƙa irin wanda ruwa ke juyawa. Sai dai ƙasar noman da iznin ruwan duk suna hannun ma'aikatan gwamnatin Faransa, su kuwa suka yi ta yi masa jeka-ka-dawo. Da ya gaji, sai ya ƙudura ya kai kukansa gaban Sarkin Faransa da kansa, Napoliyon na Uku. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Faransa, ya kuma rubuta wani ɗan littafi cike da yabon Sarkin, irin yabon da ko maroƙi sai ya ji nauyin yinsa, ya sa a jaka. Sarkin a sa'an nan yana arewacin Italiya, yana taya Sardiniya yaƙi da Ostiriya. Dunant ya yi hayar keken doki ya bi sawun rundunar. Wannan tafiya dai babu mai musun cewa don aljihunsa ya yi ta.

Ran 24 ga watan Yuni 1859 rundunonin suka gamu kusa da wani ƙauye wai shi Solferino. Soja wajen 300,000 suka yini suna ɗauki ba daɗi cikin tsananin zafi, tun asuba har la'asar, sa'an nan hadari ya taso, Ostiriya ta ja da baya. Waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda suka ɓace sun kai wajen 40,000. Rundunar Faransa kuwa ta fi yi wa dawakinta tanadin likita bisa ga mutanenta, gama shi doki da kuɗi a ke sayensa.

Dunant bai ga yaƙin da idonsa ba, abin da yaƙin ya bari shi ya tarar. Ya sauka a Kastiliyone, wani ƙaramin gari kusa da fagen, mai mutane kamar 5,000, ga shi an jibge masu rauni wajen 9,000 a cikinsa. Hanyoyi, da farfajiyoyin gidaje, da majami'u duk sun cika maƙil. Cikin babbar majami'ar garin kaɗai akwai mutum wajen 500 kwance bisa ciyawa, ƙuda na bin raunukansu, ba ruwa, ba abinci, ba mai ɗaure musu ciwo. Da yawa waɗanda harsashi bai kashe ba, ƙishirwa da ruɓar rauni suka ƙarasa su.

Shi ba likita ba ne, bai san kome game da magani ba, ba kuma wanda ya sa shi. Ya tattara matan garin da 'yan mata da yara, waɗansu na ɗebo ruwa, waɗansu na dafa romo, waɗansu na wanke raunuka. Ya aiki mai tuƙa masa keke birnin Biresha ya sayo ƙyallen ɗaure rauni, da soso, da lemo, da sukari, da taba, duk da kuɗin aljihunsa. Ya kan durƙusa wajen wanda ke kan gargara, ya rubuta masa takardar ban kwana zuwa ga iyayensa. Cikin masu raunin akwai Faransawa, da Italiyawa, da mutanen Aljeriya waɗanda Faransa ta ɗauka soja, akwai kuma 'yan Ostiriya, watau abokan gaba. Da fari waɗansu suka so su ware na Ostiriya, Dunant ya ƙi, matan suka ga yadda ya ke yi suka bi, suna ta faɗa wa juna cewa ai duk 'yan'uwa ne. Waɗansu baƙi 'yan kallo da suka biyo ta garin ya riƙe su suka sa hannu, amma da yawansu ba su daɗe ba suka sulale, don wari da kururuwa sun fi ƙarfinsu.

To, duk da haka bai manta da injinsa ba. Ran 27 ga wata da dare ya shiga kekensa ya tafi neman sansanin Sarki, littafin yabo na cikin jaka. Bai sami ganin Sarkin ba, littafin ma ba a karɓa ba. Amma cikin tafiyan nan ya roƙi manyan soja su saki likitocin Ostiriya da aka kama, don su zo su kama aiki, bayan 'yan kwanaki kuwa aka sake su. Watau keke ɗaya, cikin dare ɗaya, ya ɗauki bukatarsa da ta waɗansu. Maganar ruwan Mons-Jemila kuwa ko taki ɗaya ba ta ci gaba ba. Ya komo Kastiliyone, daga nan ya wuce asibitocin Biresha, sa'an nan ya koma gida.

Abin da ya gani ya ƙi barinsa. Cikin Nuwamba 1862 ya buga wani littafi na tunawa da Solferino, guda 1,600, da kuɗinsa, ya aika wa sarakuna da waziransu da shugabannin yaƙi na ƙasashen Turai kyauta. Bai ɓoye kome ba, ya zana ƙazantar wurin da azabarsa filla filla. A ƙarshe ya kawo shawara biyu. Ta fari, ko wace ƙasa ta kafa ƙungiyar masu sa kai tun a zaman lafiya, a koya musu jiyya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar yaƙi kuma ba a koyon ɗauri. Ta biyu, ƙasashe su ƙulla alkawari tsakaninsu na kiyaye masu rauni da masu jiyyarsu.

Wani lauya na Jeneba mai suna Gustave Moynier ya karanta, ya ga abin zai yiwu. Cikin Fabrairu 1863 aka kafa kwamiti na mutum biyar: Moynier, da Janar Dufour, da likitoci biyu, Appia da Maunoir, da Dunant, shi ne magatakarda. Moynier mutum ne mai taka tsantsan, mai son a bi abu daki daki, Dunant kuwa guguwa ne. Ya zaga fadojin Jamus yana neman goyon baya, yana Balin ya buga wata takarda da sunan kwamitin, ba da saninsu ba, yana kiran a mai da likitocin yaƙi 'yan ba-ruwanmu, kada ko wane ɓangare ya taɓa su. Moynier ya ji haushi, don yana ganin sarakuna ba za su yarda ba. Ashe Dunant ne da gaskiya. Aka yi babban taro a Jeneba cikin Oktoba 1863, aka zaɓi alama, jan gicciye bisa farin ƙyalle. Ran 22 ga watan Agusta 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu ga Yarjejeniyar Jeneba ta farko, wadda ta ce sojan da ya yi rauni a ɗauke shi a yi jiyyarsa ko na wace ƙasa ne, asibitin yaƙi da ma'aikatansa kuma ba a kai musu hari. Turkawa daga baya, tun 1876, suka riƙa amfani da jan jinjirin wata maimakon gicciye. A taron 1864, shi mai shawarar, aikin da aka ba shi bai wuce lura da masaukin baƙi da liyafarsu ba.

Cikin shekarun nan kasuwancin Aljeriya yana ta zurarewa, shi kuwa yana ta cin sabon bashi don toshe tsohon. Cikin 1867 wani banki na Jeneba, Crédit Genevois, wanda Dunant ke cikin shugabanninsa, ya karye. Ya riga ya sayar wa bankin wata mahaƙar dutse ta Aljeriya wadda ba ta kai kuɗin ba. Cikin Agusta 1868 kotu ta yanke cewa ya yaudari abokan aikinsa da saninsa, ta ɗora masa nauyin hasarar. Bashin da ke kansa ya kusa faran miliyan ɗaya, kuɗin ƙasar. Ba ma so mu wuce wannan da sauri, gama masu yabonsa su kan yi haka. Kuɗin nan na mutane ne, dangi da abokai da suka amince da daɗin bakinsa, waɗansunsu abin da suka tara don tsufa ke nan. Mutumin da ya durƙusa ya shayad da baƙon da bai sani ba, shi ne ya jefa na gida cikin hasara.

Jeneba gari ne da ba ya yafe wa wanda ya karye. Aka sa shi ya ajiye aikin magatakarda, ƙungiyar samarin da ya kafa ita ma ta kore shi, uwarsa ta rasu cikin Fabrairu 1868. Ya bar birnin tun 1867, bai sake taka shi ba har ya mutu. Ya zauna Faris cikin talauci, duk da haka da yaƙin Faransa da Jamus ya tashi cikin 1870 ya sake shiga aikin agaji, bayansa kuma ya yi ta kiran a yi wa fursunonin yaƙi irin alkawarin da aka yi wa masu rauni. Daga nan sai yawo, yau Ingila, gobe Jamus, jibi Italiya. Shi da kansa ya ba da labari cewa akwai lokacin da ɓawon burodi ne abincinsa, ya kan shafa wa kwat ɗinsa tawada don ɓoye ƙoƙewarta, ya goga wa wuyan rigarsa alli, ya kwana a waje. Ku lura da tawadan nan da allin, ko cikin yunwa bai daina damuwa da yadda mutane za su gan shi ba. Ƙungiyar da ya haifa kuwa tana ta yaɗuwa cikin duniya ƙarƙashin Moynier, ba a ko ambatonsa.

Cikin 1887 ya sauka a Haiden, wani ƙauye a gabashin Suwizalan, yana rayuwa da faran 100 da dangi ke aiko masa ko wane wata. Daga 1892 ya tare a ɗaki mai lamba 12 na asibitin garin. Mutane da yawa sun ɗauka ya daɗe da mutuwa, sai cikin 1895 wani ɗan jarida, Georg Baumberger, ya same shi ya buga labarinsa, jaridun Turai suka ɗauka. Gaisuwa da kyautai suka yi ta zuwa, uwar Sarkin Rasha ta yanka masa fansho. Tsohon kuwa bai zauna jiran a tuna da shi ba. Ya yi ta rubuce rubuce yana tattara shaidun cewa shi ne mafarin aikin, ya taimaki abokinsa Rudolf Müller, wani malamin makaranta Bajamushe, ya fitad da tarihin Red Cross cikin 1897 wanda ya mai da shi gaba, abokansa kuma suka yi ta nema masa kyautar Nobel da yardarsa. Cikin 1901 aka ba shi kyautar zaman lafiya ta farko, shi da wani Bafaranshe, Frédéric Passy. Rabonsa ya kai wajen faran 104,000. Wani abokinsa likita ya ajiye kuɗin a bankin Norwe, inda hannun masu binsa bashi ba ya kaiwa. Shi kuwa bai ci ko anini a ciki ba, ya ci gaba da zamansa a ɗakin nan.

Mai cewa duk alheri son kai ne ya sami kaya a nan, ba kaɗan ba. Zai ce mutumin suna ya ke nema tun fari, ya kuwa samu, kamar yadda malamanmu ke ba da labarin Hatimu Ɗa'i, Balaraben nan mai kyauta, wanda aka ruwaito cewa ambato ya nema da kyautarsa, ya kuma same shi. Ba mu musun son sunan Dunant. Abin da mu ke tambaya shi ne, wane suna ya ke hange ran 25 ga watan Yuni 1859, sa'ad da babu littafi, babu kwamiti, kyautar Nobel kuwa sai bayan shekara 42 za a fara ba da ita? Masanan halittu sun nuna cewa jini ya kan sa a taimaki jini, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka kuma ya kan sa a taimaki maƙwabci. Amma waɗanda ke kwance a majami'an nan ba danginsa ba ne, mai gargara kuwa ba ya rama cuɗa. Ko wace sa'a da ya ɓatar a kansu, daga cikin lokacin neman Sarki ya zare ta.

Sauran hujja ɗaya, ita ce ta fi ƙarfi. An ba da labarin wani masani na Ingila, Thomas Hobbes, wanda ya rasu cikin 1679, cewa ya ba wani tsoho almajiri sisi, da aka tambaye shi dalili sai ya ce ganin halin tsohon ne ya ke yi masa ciwo, sadakar ta sauƙaƙa wa tsohon, shi ma ta sauƙaƙa masa. Watau ko mai tausayi kansa ya ke yi wa magani. Wani limamin Kirista, Joseph Butler, ya ba da amsa cikin 1726, amsar kuwa har yanzu ba mu ga abin da ya ture ta ba. Ya nuna cewa ba za ka ji daɗin samun abu ba sai dai in da ma kana son abin kansa. Wanda ciwon wani ya dame shi, ai ya riga ya damu da wanin ke nan, daɗin da zai ji daga baya ɗa ne ga tausayin, ɗa kuwa ba ya haihuwar uwarsa. Ban da haka, in kawar da ciwon zuciyarsa kaɗai Dunant ke so, akwai hanya mai sauƙi: ga keke, ga doki, ga hanyar Biresha a buɗe. 'Yan kallon nan ita suka bi, ba mu kuwa zarginsu. Wani masani na Amurka, Daniel Batson, ya gwada wannan ga ɗalibai cikin 1981, ya sa su kallon wata da su ke zaton tana shan azaba, ya buɗe wa waɗansu ƙofar tafiya. Waɗanda abin ya dame su kawai, da suka sami ƙofa da yawa suka fita. Waɗanda tausayinta ya kama, ko da ƙofa ko babu, yawancinsu suka yarda su karɓi azabar a madadinta.

A ganinmu kuskuren masu gardaman nan shi ne neman niyya guda tak cikin zuciyar mutum, alhali kuwa zuciya kasuwa ce, ko wane irin kaya akwai. Samun son kai cikin tafiyar Dunant bai kore tausayin da ya tsai da shi a Kastiliyone ba, tausayin kuma bai biya ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hasara a Jeneba ba. In kuwa a na son shaidar da ba ta da gauraye, a dubi matan garin nan. Sojan Ostiriya su ne ke mulkin ƙasarsu da ƙarfi har ranar yaƙin, ga su nan kwance, matan suka yayyage zannuwansu suka ɗaure musu raunuka. Ba su rubuta littafi ba, ba a ba su lamba ba, tarihi ma da ƙyar ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. Ya zama mai zargi, yana tsoron masu binsa bashi, yana tsoron a sa masa dafi a abinci, ba ya yarda da baƙi sai kaɗan, ya kuma juya wa shugabannin addininsa baya. Moynier ya rasu cikin Agusta 1910, ba su shirya ba. Dunant ya bi shi ran 30 ga watan Oktoba na shekaran nan, yana da shekara 82. Aka kai shi Zurik ba taro ba addu'a, yadda ya yi wasiyya. Da aka buɗe wasiyyar aka tarar ya raba kuɗin: wani kaso ga waɗanda suka yi jiyyarsa, wani ga ƙungiyoyin taimako na Suwizalan da Norwe, wani kuma don a ajiye gado ɗaya kullum a asibitin Haiden sabo da matalaucin da ba shi da abin biya. Abin da ya rage aka ba masu binsa bashi, bai kuwa isa ya biya su ba.